Ordinatar Kawu Ta Ƙi Yin Shiru

Talata, bayan la'asar

Ni ban taɓa ta ba. Da wannan zan fara, don ko gobe aka ce Zubairu ya faɗi ya mutu, a san abin da ya ce.

Sabuwar ordinatar, wato kwamfutar, da Kawu Garba ya sayo wa butik ɗinmu, shagonmu na kasuwar Wadata, tun da aka fiddo ta daga kwali ba ta yi shiru ba. Aikinmu tura wa mutane wa'azi da waƙa da fim a katin waya. Tsohuwar ta yi hayaƙi cikin azumi, ta tafi inda tsofaffi ke tafiya. Abdoulkarim ɗan Kawu shi ya kwashe kayan da muka tara shekara da shekaru ya juye cikin sabuwar, don shi ya yi lekol, wato boko, shi ke jin faransanci. Tun daga ranar ƴar fitilar nan ja ta gabanta take ƙifta ido ba hutawa, cikinta kuma yana ƙurr, ƙurr, kamar ɓera ya samu buhun masara. Ko ba wanda ya taɓa ta. Ko muna salla.

Yau Kawu ya kara kunne a jikinta ya ce, "Abdoulkarim, wannan kukan na mene ne?"

Ya ce, "Baba, disk dur ne, rumbun da take ajiye kaya. Aiki yake ba tsayawa. Kuma sabuwar na'ura ba ta haka sai in an sa mata wani abu."

Bai kira suna ba. Juyowa kawai ya yi ya dube ni. Kawu ma ya dube ni. Har Mansur tela na kusa da mu, da ya leƙo aron caja bai san kan zancen ba, shi ma ya dube ni.

Na yi dariya, na ɗauka wasa ne. Ni kaɗai na yi ta.

Laraba, da hantsi

An hana ni kujera. Wurina yanzu bakin ƙofa, ina kiran masu wucewa kamar mai tallan magani. Ni da na san wane malami tsohuwa ke so tun ba ta buɗe baki ba.

Laraba, bayan magariba

Abin da ke cin raina ba kujerar ba ce.

Uwata da uban Abdoulkarim ciki ɗaya. Taubashina ne. Tun muna yawo ba wando nake tsokanarsa yana ramawa, haka Allah ya yi taubasai. Na sa masa ƙwaro a riga, ya sa mini barkono a hula. Na ce da shi bawana, ya ce da ni bawansa, manya na dariya. Taubashi ba ya fushi. Taubashi ba ya kai ƙara. Abin da kawai ya halatta gare shi, ya yi maka wanda ya fi naka zafi, ku ci tuwo tare.

Shi kuwa ya tsallake ni ya je wurin ubansa.

Na san daga ina abin ya taso. Daga ranar da na raka shi Koira Kano ne, gidan su yarinyar nan da yake nema da aure. Ba zan rubuta ba. Kowa ya yi dariya ranar, har uwarta sai da ta riƙe ciki. Shi ne kawai bai yi ba.

Zai gani.

Jumma'a, da safe

Kawu ya kafa doka. Da zarar kukan ya daɗe, a zare wayarta daga bango. Ya ce da irin wannan kuka tsohuwar ta fara kafin ta ƙone, ba zai zauna yana kallo a ƙona masa dukiya sau biyu ba. Yanzu wuni guda sai a zare a mayar, a zare a mayar. Mai son fim ɗaya sai ya sha shayi biyu kafin ya samu. Da an mayar kuma ta ci gaba da ƙurr ɗinta, kamar daga farko take farawa.

Asabar, bayan azahar

Na zuba wa Abdoulkarim gishiri a shayi. Ya kurɓa, ya dube ni, ya shanye duka. Ya ajiye kofin ya ci gaba da aikinsa.

Wallahi da marina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Lahadi, bayan la'asar

Kawu ya zo gida Talladjé. Na ji ƙarar motonsa, babur ɗin nan nasa, tun daga kwana, na san ba gaisuwa ta kawo shi ba. Inna ta shimfiɗa masa tabarma, ta ce in zauna.

Ya ce, "Zubairu, ni ban ce sai ka faɗi abin da ka sa mata ba. Ka cire kawai. In wannan wata ya mutu tana kuka, ka tattara kayanka, Doutchi za ka koma wurin baffanka. Akwai gona, akwai jakuna. Su ka yi wa wasan."

Na ce, "Kawu, a kawo Alƙur'ani in dafa."

Ya ce, "A'a. Ba zan bari ɗan ƴar'uwata ya halaka kansa a gabana ba."

Ka ji fa. Ni da na sauke a hannun malam, ni da allona har yau yana rataye a ɗakin Inna. Ban iya faransanci ba, amma na san abin da rantsuwa take. Shi ya riga ya gama yanke cewa in na dafa, ƙarya zan dafa.

Inna tana gefe. Tsintar shinkafarta take yi, kuma na lura tsakuwar take mayarwa cikin tire tana zubar da shinkafar.

Ba ta da kowa a gidan nan sai ni. Wannan ma ba zan rubuta ba.

Litinin, da hantsi

Ni ban taɓa ta ba.

Talata, bayan azahar

Yau ta yi sabon salo. Fuskarta duk ta koma shuɗi, ga rubutu, ga wasu ƴan ɗigo suna zagaye kamar masu ɗawafi. Kawu ya ce, "Karanta mana."

Abdoulkarim ya gyara zama ya ce, "Cewa take kada a kashe ta."

Kawu ya ce, "To?"

Ya ce, "Baba, birus ɗin ne, cutar da aka sa mata, ke magana. Ya ji wuya ne yake roƙo. Mai kirki zai ce kada a kashe shi?"

Kawu ya zare waya da hannunsa, har da bismilla.

Daga bakin ƙofa na ce, "Bawana, tambaye shi ko ya san ni." Mansur ya yi dariya har allura ta soke shi. Wata mai tallan kopto, kwaɗon zogale, da ke wucewa ma ta yi, ba ta san dalili ba. Abdoulkarim ko ɗago kai bai yi ba. Sunana ma ya daina kira. In zai aike ni sai ya ce, "A ce da wancan."

Wancan. Zai ga wancan.

Laraba, bayan magariba

A fada, majalisar da muke hira, ƴan shayi sun sa mini suna Birus. Da na zo sai kowa ya ɓoye wayarsa cikin riga. Da ni na ƙirƙiro wa wani sunan, da na ce ya yi daɗi.

Nan na ji wai mutanen Koira Kano sun mayar wa su Abdoulkarim da goronsu. Ban tambaya ba, aka faɗa. Na ce shayin ya yi ɗaci, na tashi.

Ba ruwana. Wasa ne. Kowa ya yi dariya.

Alhamis, da safe

Abubuwan da na yi masa a makon nan: na ɗaure wutsiyar motonsa da ta mai kabu-kabu. Na sauya masa takalmi ƙafa ɗaya a masallaci. Na gaya wa Hajiya mai suyar fanken nan da ake kira fari masa cewa ya ce manta na jiya ne. Hajiya ta zo har butik ta wanke shi tas da zabarmanci, ta juya ta maimaita da hausa don kada wani abu ya wuce shi.

Ya ba ta haƙuri. Haƙuri! A kan abin da bai faɗa ba! Ya san ni ne, ya ƙi ramawa. So yake in koma baƙo.

Asabar, bayan la'asar

Wata ya fara ƙanƙancewa. Ita kuwa ƙurr, ƙurr.

Na tsaya na yi mata kallon tsaf yau, lokacin da suka fita salla. Ban taɓa ta ba, hannuna a baya. Na ce, "Ke baiwar Allah, me na yi miki? Me kike nema a cikin nan da ba ki samu ba?" Ta ƙifta mini ido.

Litinin, bayan magariba

Na dawo na tarar Inna ta wanke jakata ta tafiya ta shanya. Ta ce ƙura ce ta yi mata yawa.

Ta ce, "Zubairu, in abin wasa ne, ya isa haka. Ka cire masa."

Na ce, "Inna, har ke?"

Ta ce, "Ni na haife ka. Kana wata bakwai ka ɓoye mini ludayi."

Ban ci tuwo ba.

Laraba, da hantsi

Na yi tunani. Tunda kora ce, a kore ni da dalili. Ba zan hau motar Doutchi a kan laifin da ban ci daɗin aikata shi ba.

Kawu ya ce in aka bar ta tana kuka za ta ƙone. To.

Jumma'a, kafin salla

Na yi.

Ran Jumma'a ana rufe butik kafin salla, ba a buɗewa sai Asabar. Jan ƙofa aikina ne yanzu, tunda ni ne na bakin ƙofa. Kawu ya zare waya ya fita. Abdoulkarim ya sa makulli a aljihu ya bi shi. Na koma ciki kamar na manta hula. Na mayar da waya a bango. Na danna. Na kashe bantilata, wato fanka, don ta ji zafin Yamai sosai. Ta fara ƙurr ɗinta, na ce, "Yi ta yi, yau ba mai tsayar da ke. Yi har ki gasu."

Na ja ƙofa, na danna kwado, ya ce ƙyas.

Wannan karon na taɓa ta. A rubuta.

Abdoulkarim ya je ya karanta wa ubansa tokarta da faransanci.

Jumma'a, bayan salla

Liman yana huɗuba, ni ina tuna cewa bangon da ke tsakaninmu da Mansur katako ne. Bayan katakon kuma shaddojin mutane ne, na biki, tsibi guda. Bayan Mansur mai katifa ne. Bayan mai katifa mai sayar da fetur a kwalba.

Ban san me aka karanta a raka'a ta biyu ba.

Makulli yana aljihun Abdoulkarim.

Jumma'a, da la'asar

Ina zagaya layin kamar kare. Na sa hanci a ƙasan ƙofa. Na kara kunne. Tana yi. Na shafa ƙarfen ƙofar, da zafi, amma rana ma tana dukansa, ban gane na wane ne ba.

Kullum sai an ɗauke wuta a unguwar nan. Kullum. Ranar da kake tsakiyar tura wa mutum fim, ranar ake ɗaukewa. Yau na roƙi Allah da duk addu'ar da malam ya koya mini a ɗauke, ƙwan fitilar mai katifa yana nan yana haske kamar an biya shi.

Mai gadin layin ya ce, "Birus, me kake shinshina?"

Na ce, "Mage ce na ji kamar ta mutu a ciki."

Na ɗauko waya zan kira Abdoulkarim. Na duba sunansa. Yadda na rubuta shi tun da na sayi wayar, Bawana. Na mayar aljihu.

Na sayi ruwa jarka biyu wurin ɗan garuwa na ajiye bayan kiyos. Ya ce wanka zan yi a kasuwa? Na ce e.

Jumma'a, da magariba

Ba hayaƙi. Mai gadi ya kore ni.

Asabar, da hantsi

Na riga kowa zuwa. Wadata tana nan. Mansur yana nan da shaddojinsa, yana cin ƙosai, bai san jiya ya kusa komawa tsirara ba.

Abdoulkarim ya buɗe kwado. Muka shiga. Zafi kamar gidan burodi. Tana kunne, fuskarta tas, hoton wani tsauni da ruwa. Fitilar ja a kashe. Can sai ta ƙifta sau ɗaya, a hankali, kamar mai gyangyaɗi, ta koma.

Shiru.

Kawu ya kara kunne. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Wa ya kunna ta?"

Mai gadi ne ya leƙo, Allah ya saka masa, ya ce, "Ai Zubairu jiya wuni ya yi a nan yana yi wa ƙofa tofi."

Kawu ya dube ni, ya dube ta. Sai ya yi murmushi. Ya dafa kaina ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya cire abinsa. Ka ga da ka yi haka tun farko, ɗan nan? Shi ke nan, ya wuce. Na yafe. Koma kujerarka."

Abdoulkarim ya ce, "Na faɗa maka, Baba."

Na ja kujerata. Na zauna.

Aka tura fim uku kafin Mansur ya gama ƙosansa. Gudu take kamar an biyo ta.

Asabar, bayan azahar

Na je in ƙona ta, na warkar da ita. Ko a fada na ba da wannan labari ba mai yarda.

Lahadi, bayan la'asar

Balkissa ta zo gaida Inna. Yayar Abdoulkarim ce, tana aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau, wuni take gaban irin waɗannan na'urori. Ita ma taubashiyata ce, ita kuwa ba ta manta ba. Tun daga ƙofa ta ce, "Ina bawan gidanmu, boka mai cire birus?"

Inna ta shiga ɗaki ɗauko mata ruwa. Ta matso ta ce, "Gaya mini gaskiya, me ka yi mata?"

Na ce, "Kunna ta na yi, na kashe bantilata, na tafi."

Ta ce, "Shi ke nan? Ba a kashe ba har safe?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Wayyo Baba! Kowace sabuwa haka take yi. Tana ɗauko gyare-gyarenta daga intanet tana sakawa. Mai gadin da ke cikinta yana bin kaya ɗaya bayan ɗaya yana dubawa ko da cuta. Ita kuma tana jera su don in an nema ta samu da wuri. Ku kun juye mata finafinan duniya a ciki, kun hana ta gamawa. Duk sanda aka zare waya sai ta koma baya. Ai da an tambaye ni."

Na ce, "Wato ba wanda ya sa mata komai."

Ta ce, "Ba wanda ya sa. Tashi mu je in gaya wa Baba, a wanke ka."

Har na sa takalmi ƙafa ɗaya. Sai ta ce, "Tsaya. Kai da ba ka san haka ba, don me ka bar ta a kunne, ka kashe bantilata?"

Na tsaya da ɗayan takalmin a hannu.

Ta dube ni, dariyar ta tafi. Ta ce, "Zubairu. Kusa da shagon Mansur?"

Na cire takalmin.

Ta ce, "Baba zai yi wannan tambayar. Ba wawa ba ne."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "To zaɓi. Ko ka zauna a mai laifin da aka yafe wa, ko a wanke ka a sa ka mota."

Inna ta fito da ruwa. Balkissa ta karɓa ta ce, "Gwaggo, ɗanki dai sai addu'a." Inna ta ce, "Ai ya tuba. Na yafe masa tun jiya."

Yafewar Kawu ban ji zafinta sosai ba. Ta Inna ce ta shiga.

Litinin, da safe

Ba zan je Doutchi ba. Ban gaya wa kowa komai ba.

Laraba, bayan azahar

Labari ya zaga Wadata. Wai Zubairu yana sa wa na'ura ciwo daga nesa, ya cire da tofi ta bayan ƙofa. Mai katifa ya gaishe ni da hannu biyu. Wani ya kawo mini rediyo. Na ce ba na duba tsofaffi.

Abdoulkarim ya yarda da abin fiye da kowa, tunda shi ya fara faɗa. Ya sayi sabuwar waya jiya, babba, mai ido uku a baya. In zai fita salla da ita yake fita. In na matso sai ya mayar da ita ɗaya aljihun.

Alhamis, bayan la'asar

Ya manta ta a kan tebur, ya je raka wani bakin ƙofa. Ban ɗauka ba. Jira na yi sai da ya juyo, idonsa a kaina. Na miƙa ɗan yatsa ɗaya, na ɗora a kan wayar a hankali, na motsa leɓe kamar mai karatu. Suratul Kausar ce ma, ba komai.

Ya yi tsalle ya fizge ta. Ya duba gaba, ya duba baya, ya kara a kunne yana sauraron ko ta fara ƙurr.

Ya ce, "Me ka sa mata?"

Na ce, "Je ka gaya wa Baba."

Ya tsaya yana huci. Kawu yana nan zaune waje, taku uku. Ya dubi ubansa, ya dube ni. Sai ya ce, "Zubairu, wallahi tallahi sai na rama. Sai ka yi kuka da hawaye, ɗan banzan bawa."

Na ce, "Ina jira."

Alhamis, bayan magariba

Na zo sa takalmi a ƙofar masallaci, na ji sanyi. Ɗanyen ƙwai ne, ƙafa biyu.

Haka na taka har Talladjé, yana fitowa ta tsakanin yatsu. Gobe zai gani.